Shirun Dogon Bayani

In mutum bai yi ƙarya ba, bai ma ce komai ba, shiru kawai ya yi, sai wasu suka ɗauki shirun nasa suka yi aiki da shi, wa za a kama ranar da abin ya ɓaci? Mai shirun, ko masu fassarar? Tambayar ba ta da wuyar yi. Amsar ce har yau ba a sami wanda ya kawo ta cikakkiya ba, har da shi mutumin da abin ya faru a kansa.

Likita ne, amma ba irin wanda marasa lafiya ke gani ba. Ɗakinsa yana can ƙarshen asibiti, bayan ɗakin wanki, inda warin ruwan adana nama ke sa baƙo hawaye tun daga bakin ƙofa. Duk abin da aka yanko daga jikin mutum a ɗakin tiyata, wurinsa ake kawowa. Ya auna, ya yayyanka, ya zaɓi inda za a duba. Sai a daskarar da naman cikin kaki, a fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan gilashi a rina, shi kuma ya sa a ƙarƙashin madubin likita ya faɗi ko mene ne. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. A gabansa Malam ake ce masa, don rabin likitocin asibitin ta hannunsa suka bi. A bayan idonsa kuwa, Dogon Bayani.

Kuma sunan bai zalunce shi ba. Rahoton da wani zai gama a layi shida, Malam sai ya cika shafi uku, da biro, da rubutu mai kwanciya gefe guda. Shi ne ya taɓa rubuta cewa ƙwayoyin wani ƙari sun yi cincirindo kamar fasinjoji a rumfar tasha ranar ruwan sama. Ƙananan likitoci kan karanta rahotonsa da ƙarfi lokacin shan shayi, ana dariya, amma da an gama dariyar sai a ga wani ya kwafi wani abu a littafinsa, domin idon Malam ba ya kuskure.

Doka ɗaya yake da ita, kowa ya san ta. Abin da babu shi, ba ya ɓata tawada a kansa. "In na gani, zan faɗa," in ji shi. "In kuka ji na yi shiru a kan abu, lafiya ke nan." Yana kuma alfahari da cewa tun da ya fara aiki bai taɓa sa hannu a kan kalmar da ba gaskiya ba.

Wata ranar Litinin Likitar Yara ta shigo ɗakin, hannu ɗaya a bayanta. Tsohuwar ɗalibarsa ce, gajeriya mai saurin tafiya, ita ke kula da yara masu ciwon daji.

"Malam, barka da aiki."

"Barka kadai, 'yar nan. Me kike ɓoyewa? Yadda kika shigo ɗin nan, ba alheri kika riƙo ba."

Ta ajiye masa takarda mai shafi biyu. Ta ce likitoci ne daga asibitoci da dama suka zauna suka yarda a kan tsari ɗaya na rubuta rahoton dajin ƙoda na yara, don in an ce abu kaza a nan, ya zama shi ake nufi a can. Malam ya gyara tabarau ya bi layukan da yatsa. Nauyin ƙoda. Irin ƙarin. Ko ya huda fatar da ke lulluɓe da ƙodar. Ko wuƙa ta bar saura a gefe. Kashi nawa maganin farko ya kashe. Kaluluwa nawa aka aiko, nawa aka duba, nawa cutar ta shiga. Yawancin layukan da gurabe uku a gabansu: akwai, babu, ba a duba ba.

"Wannan ai na masu neman lasin tuƙi ne," in ji Malam. "Ko aku kika ba biro zai cika miki shi."

"Akun zai gama da wuri, Malam."

Daga bayan ɗakin aka ji wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta mayar da ita tari. Uwar Ɗaki ce, matar da ke fere naman ta ɗora a gilashi, wadda ta yi shekara ashirin tana aiki da shi, kuma ita kaɗai ke iya gaya masa rigarsa ta yi datti.

"Malam," in ji Likitar Yara, "wallahi ba raini ba ne. In aka turo mini yaro daga wani asibiti, sai na buga waya sau uku kafin in gane rahotonsa. Wani ya faɗi wannan ya manta wancan. Naka ma, in muka tura yaro wani wuri, can ba su san ka ba. Ba su san me shirunka ke nufi ba."

"To su tambaya. Ni ba zan tsufa in koma mai buga maki a gurbi ba." Ya miƙa mata takardar da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci abu a ƙasa. "Ki kai wa masu buƙata. Ki ja mini ƙofa."

Cikin makon nan aka kawo ƙodar 'yar wani kafinta a cikin farin bokiti mai murfi. Yarinyar shekararta huɗu. A ɗakin yara Don Me ake kiranta, saboda ba a gaya mata magana ba ta ce don me ba. An yi mata makonni ana ba ta magani don ƙarin ya motse, sannan likitan tiyata ya cire ƙodar hagu gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne a san hanyar da za ta bi. In cutar ba ta fita daga ƙodar ba, hanyar gajeriya ce: 'yan makonni na magani, ta koma gida. In kuwa ta tsallaka zuwa kaluluwar da ke kusa, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da ke tace ruwan jiki, to hanyar doguwa ce: watanni ana magani mai ƙarfi, har da gasa wurin da hasken na'ura. A ba ta gajeriya alhali doguwa ce tata, cutar na iya dawowa. A ba ta doguwa ba dalili, an wahalar da ƙaramin jiki a banza. Taron likitoci na ranar Alhamis ne zai yanke, kuma da rahoton Malam zai yanke.

Malam ya ji daɗin ƙodar nan, in dai ana jin daɗin irin wannan abu. Maganin ya yi aiki, fatar ƙodar ba ta huje ba, gefuna tsaf. Ya rubuta shafi uku da rabi, ya kwatanta matattun wuraren da gonar da aka girbe. Ya sa hannu ranar Talata ta makon da ya biyo baya.

Likitan tiyata, wanda ya saba karanta layin ƙarshe kawai, ya karanta layin ƙarshe, ya wuce ɗakin yara ya yi wa kafinta albishir.

Ranar Laraba da azahar Likitar Yara ta sake shigowa, rahoton a hannunta duk ta ja masa layi da jan biro.

"Malam, na karanta sau biyu. Gonar da aka girbe ta burge ni. Kaluluwa fa?"

"Na ce wani abu a kanta?"

"Ba ka ce ba."

"To kin ga."

"Ban gani ba, Malam. Nawa ce? Lafiyarta ƙalau?"

"'Yar nan, shekara nawa kika yi kina karanta rahotona?"

"Goma sha biyu. Shi ya sa na san ba za ka ji haushi ba in na ce ka rubuta mini kalma ɗaya a nan ƙasa. Babu. Harafi huɗu ne. Ka sa hannu, in tafi."

"Ai kuwa na ji haushin."

"To ka ji, amma ka rubuta."

Bai rubuta ba. Ya ce mata shi ba a yi masa jarrabawa a ɗakinsa, ya juya ga madubinsa. Ta ce gobe da sha biyu ne taron, ta fita. Uwar Ɗaki ba ta yi dariya ba wannan karon, ba ta kuma yi tari ba.

Da yamma a gida ya zauna cin abinci yana juya cokali. Matarsa, wadda ta yi ritaya daga koyarwa amma ba ta yi ritaya daga gyara mutane ba, ta dube shi ta saman tabarau.

"Wa ya taɓa mini kai yau?"

Ya ba ta labarin fom ɗin da na kalma ɗayar, bai faɗi ko yarinyar wa ba ce. Yana tsammanin ta ce yaran zamani ba su da kunya.

"Allah ya yi wa yarinyar nan albarka," in ji ta. "Da ni ma fom ɗin na samu tun ina amarya."

"Ke kuma me ya haɗa ki da shi?"

"Baban yara, shekara talatin da huɗu ina dafa maka abinci. Ka taɓa cewa ya yi daɗi?"

"Ai na gaya miki tun farko, in ban yi magana ba…"

"Lafiya ke nan. Na sani. To ka tuna bara, makon da ka yi mura? Kwana uku a jere ina mantawa da gishiri, saboda hankalina na wurin haihuwar 'yarmu. Kwana ukun nan ka ci ka tashi ba ka ce uffan ba. Na ce oho, ashe shirun nan iri biyu ne. Akwai na ya yi daɗi, akwai na hanci ya toshe. Kuma daga waje kamarsu ɗaya."

"Wannan ai wata magana ce daban."

"Daban ce. Ci abincinka. Akwai gishiri, babu, ko ba a duba ba?"

Ya yi dariya ba da son ransa ba. Amma dariyar ba ta kai ciki ba, don tun da Likitar Yara ta ce harafi huɗu ne, wani abu ke yi masa susa a rai. Me ya hana shi rubutawa? Girman kai, i, ya yarda akwai shi. Sai dai da ya ɗaga biro a zuci ya nufi takardar, hannun zucin ma ya ƙi. Ya rufe ido ya nemi kaluluwar yarinyar a cikin kansa. Ya ga kaluluwa, shuɗiya mai zagaye-zagaye, lafiyayya. Ta wa ce? Ya duba dubbai a rayuwarsa, kuma lafiyayyar kaluluwa ba ta da fuska. Ta wannan makon ce, ko ta wancan watan, ko ta wani yaro da yanzu ya yi gemu?

Sai ya ga wani abu da bai taɓa gani ba game da kansa. Mutumin da ba ya rubuta babu, ba zai taɓa yin ƙaryar babu ba. Wannan gaskiya ne. Amma kuma ba a taɓa tilasta masa ya tabbata ba.

Washegari ya riga mai shara zuwa. Da Uwar Ɗaki ta iso ta tarar ya baje gilasan yarinyar a kan tebur yana ƙirgawa.

"Goma sha takwas," in ji shi. "Duk ƙoda ce. Ina na kaluluwa?"

"Wace kaluluwa? Bokiti ɗaya aka kawo, takarda ɗaya. Kai ka buɗe shi da hannunka."

"Ba ƙaramar kwalba?"

"Malam, da akwai kwalba da na cinye ta ne?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, bai ƙara gani da kyau ba. Ya ɗauki farar rigarsa ya fita. Uwar Ɗaki ta leƙa ta taga tana kallonsa yana tsallaka filin asibiti, abin da rabonta da gani tun shekarar da aka yi gobara a ɗakin wanki.

Ya sami likitan tiyata a ɗakin hutawarsu, ƙafa ɗaya a kan kujera, yana shan shayi. Tare suka yi makaranta, kuma tun lokacin ba su kira juna da sunan kirki ba.

"Jama'a ku fito, boka ya bar kogo! Lafiya? Rana ba ta ƙona ka ba?"

"Mahauci, 'yar kafintan nan. Ka ciro kaluluwa?"

"Biyar. Da hannun nan nawa. Kyawawa kamar a sa a zobe."

"Ina suke?"

"Ni za ka tambaya? Ba kai ka ce lafiyarsu ƙalau ba?"

"Ban ce ba."

"To ba ka ce komai ba, ai shi ke nan. In boka ya yi shiru…" Bai ƙarasa ba. Ya sauke ƙafar daga kan kujera, ya ajiye kofin. "Kai. Kada ka gaya mini."

Suka nufi babbar nas ta ɗakin tiyata tare, dattawa biyu suna sauri kamar an kira su ofishin hedimasta. Ta saurare su, ta kai su wani ɗan lungu bayan wurin wanke hannu. A kan kanta, tsakanin kwalin safar hannu da tsohon agogon bango da ya tsaya, ga ƙaramar kwalba. Sunan yarinyar a jiki, da kwanan wata. A ciki ƙwayoyi biyar suna kwance a ƙasan ruwan adanawa, kowace ba ta fi ƙwayar wake ba.

"Kwana takwas!" in ji likitan tiyata. "Me take yi a nan?"

"Takardarta take jira, ranka ya daɗe. Takarda ɗaya ka rubuta, mazubi biyu ne. Masinja ya ɗauki bokiti ya bar kwalba."

"Don me ba zai haɗa su ba? Hannunsa ɗaya ne?"

"Ya ce an taɓa korar sa da kwalba marar takarda, aka yi masa faɗan da har yau bai manta ba. Aka ce kowane mazubi da takardarsa, in ya sake kawo marar takarda a kansa za a juye."

"Wane azzalumi ne ya faɗi haka?"

Nas ɗin ta kalli bango. Likitan tiyata ya bi inda ba ta kalla ba, idonsa ya sauka a kan abokinsa.

"Dokar tana da kyau," in ji Malam a hankali. "Don kada a haɗa naman wani da sunan wani."

"Tana da kyau ƙwarai. Na ga kyanta."

Malam ya ɗauki kwalbar. Ruwan ya adana su, ba abin da ya lalace. Ya tambayi nas ɗin ko irin wannan ya taɓa faruwa. Ta ce in kwalba ta daɗe, wani kan lura ya rubuta mata takarda. Ya ce kullum ake lura? Ta ce ita dai watanta huɗu da zuwa nan. Bai sake tambaya ba. Likitan tiyata ya jawo takarda ya rubuta a tsaye, yana cewa da shi da boka duk sun cancanci bulala, sai dai a fara da boka don ya girme shi da wata biyu.

Hanyar komawa ta gaban ɗakin yara take bi. Malam yana tafe kwalba a hannu sai ya ji an ja masa riga. Wata 'yar yarinya ce, kai ba gashi, cikin riga mai hoton kifi, tana tafiya a ɗan karkace saboda ɗinki. Bayanta wani dogon mutum mai faffaɗan hannu yana cewa ta saki rigar likita.

"Mene ne a kwalbar?" in ji ta.

Malam ya juya sunan zuwa tafin hannunsa, amma mutumin ya riga ya gani.

"Ranka ya daɗe, ai sunan 'yata ne."

Shekara talatin da ɗaya Malam yana sanin mutane ta ciki, bai taɓa haɗuwa da mai ƙodar da ya yanka ba. Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kai ne ka ɗauke mini ƙoda?" in ji yarinyar.

"A'a, wani ne ya ɗauke. Ni aka ba ajiya."

"Don me?"

"Don in duba ta."

"Ka gama?"

"Na… saura kaɗan."

"In ka gama ka dawo mini da ita. Baba zai mayar. Yana da guduma."

Kafinta ya yi murmushi, amma idonsa na kan kwalbar. "An ce mana gajeriyar hanya ce, ranka ya daɗe. Jiya na gaya wa uwarta, har ta fara haɗa kaya. Wani abu ya canza ne?"

A nan Malam ya ga ƙofar da ya saba fita ta cikinta a buɗe. Yana iya cewa a tambayi likitarta. Yana iya gyaɗa kai ya wuce, mutumin ya fassara yadda ya so. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya.

"Akwai abin da ya kamata in duba ban duba ba," in ji shi. "Ga shi nan a hannuna. Laifina ne, ba na 'yarka ba, ba kuma alamar wani abu ya ɓaci ba ce. Ban sani ba ne kawai. Ka ba ni kwana biyu. Ka ce wa uwarta ta dakata da haɗa kaya, kada kuma ta kwance wanda ta haɗa."

Kafinta ya sake kallon kwalbar. "Ni ma in na manta ban auna ba, sai na koma na auna," in ji shi. "Allah ya sa mu ji alheri."

"Don me ka manta?" in ji yarinyar.

Uban ya ɗauke ta.

A taron sha biyu, da aka zo kan sunanta, likitan tiyata ya buɗe baki zai raba laifin biyu, Malam ya riga shi. Ya miƙe tsaye, abin da ba a saba ba, ya ce rahotonsa bai cika ba, an ciro kaluluwa biyar, ko ɗaya bai duba ba, kada a yanke komai sai Asabar. Jimla uku. Wani ƙaramin likita a baya ya raɗa wa na kusa da shi cewa yau Dogon Bayani ya yi gajere, a rubuta kwanan wata. Likitar Yara ba ta ce ai na faɗa ba. Ta rubuta Asabar a littafinta, ta kira suna na gaba. Wannan ya fi yi wa Malam ciwo fiye da in da ta faɗa.

Ranar Asabar da hantsi Uwar Ɗaki ta ajiye masa gilasai a jere, tana mitar cewa an hana ta wanki, kuma jikokinta na can suna juya mata gida. Ya sa na farko a madubi. Ya bi shi daga gefe zuwa gefe, layi layi, kamar mai neman allura a tabarma. Ya sa na biyu. A na uku ya ga wani ɗan gungu da bai gamsu da shi ba, ya sa ta sake fero masa daga ciki sosai, ta yi tsaki ta fero. Ba komai ba ne, ƙwayoyin kaluluwar ne suka taru. Na huɗu. Na biyar. Ya koma na farko ya sake bi.

Likitan tiyata ya leƙo, hanci a toshe da hankici saboda warin.

"Boka, me aljanun suka ce?"

"Lafiyarsu ƙalau. Duka biyar."

"Alhamdu lillahi! To ka gani? Shirunka gaskiya ya faɗa. Duk wannan tsalle-tsalle, ka tsorata kafinta, ka tsorata ni, a banza."

"Gaskiya ya faɗa," in ji Malam, idonsa na kan gilashin. "Sai dai bai san ita ya faɗa ba."

"Oho dai. Ni na tafi in yi albishir karo na biyu. Wannan karon in albishir ɗin ya ɓaci, kai za ka je."

"Tsaya. Kada ka faɗi komai sai takarda ta iso hannun likitarta."

Da ya fita, Malam ya jawo farar takarda ya cire murfin biro. Jimlar farko har ta zo masa, mai kyau, wani abu game da gidaje biyar da aka shiga aka tarar ba ɓarawo. Ya riƙe biron a sama. Sannan ya mayar da murfin.

"Uwar Ɗaki."

"Na'am."

"Takardar nan da yarinyar nan ta kawo kwanaki."

"Wace takarda?"

"Kin san ta."

"Ta lasin tuƙi? Ko ta aku?"

"Ki je ki karɓo mini ɗaya, ki bar surutu."

Ba ta je ko'ina ba. Ta jawo aljihun teburinta ta zaro guda daga cikin wani tuli, ta ce likitar ta bar mata hamsin tun ranar, ta ce a ajiye, Malam ba ya son a gan shi yana canza ra'ayi.

Ya karɓa bai kalle ta ba. Ya fara daga sama. Nauyin ƙoda, ya rubuta. Irin ƙarin, ya rubuta. A layi na shida ya tsaya, ya sa ta ɗauko masa gilashi na goma sha ɗaya ya sake dubawa kafin ya yi maki. Da ya zo kan kaluluwa ya rubuta biyar a wurin waɗanda aka aiko, biyar a wurin waɗanda aka duba. Gurbin ƙarshe maki kawai yake so, amma Malam ya yi makin, ya kuma rubuta kalmar a gefe da manyan haruffa: babu.

A ƙasan shafi na biyu akwai wurin ƙarin bayani, layi uku kacal.

"Layi uku," in ji shi. "Waɗannan mutane ba su da tausayi."

"Ka ƙanƙanta rubutun," in ji Uwar Ɗaki, tana ɗaura gyale. "Amma ka yi sauri, uwar yarinya na zaune a kan jaka."

Ya ƙanƙanta, ya sa hannu, ya ɗauki fom ɗin ya nufi ɗakin yara da kansa.